Daga Bakin Rumfa: Darasin Waya Ma Haja Ne, A Ɗanɗana Kafin A Sari Kwantena

  

Wata sabuwar haja ta shigo mana kasuwa 'yan shekarun nan. Ba a buhu take zuwa ba, ba a kwali ba, kwastan ma ba ya ganinta. Darasi ne ta waya. Duk mai WhatsApp ya sha cin karo da tallarta: a zo a koyi yin odar kaya daga Sin, a koyi haɗa humra da turaren wuta, a koyi lissafin shago, a koyi Faransancin ciniki. Yawancin masu yin nan 'ya'yanmu ne da ƙannenmu, wani lokaci kuma ƙungiyoyinmu ne ke ɗaukar nauyi. Ni dai ban ga aibun abin ba. Mu da muka koyi kasuwanci da dakon kaya da shan faɗan maigida, ai sai murna idan na baya za su samu a sauƙaƙe.

Abin da ke damuna shi ne yadda darussan nan ke mutuwa. Mutuwar iri biyu ce. Wani ba ya ma fitowa: an yi taro, an tara kuɗi, an sayi kyamara da makirufo, an ce za a yi darasi 30, wata takwas ana ta "muna kan aiki", daga nan shiru kake ji. Wani kuma ya fito, an yi rajista, an biya, makon farko kowa na nan, mako na uku malam kaɗai ke magana a zaure. Ko wanne ne ya faru, kuɗin mutane ya tafi, yarda ma ta bi shi, ita kuwa ta fi kuɗin tsada. Gobe in na kirki ya zo da nasa, ba mai saurarensa.

Kada kuma a ce rashin iyawar namu ne. A shekarar 2019 wasu masana biyu, Justin Reich da José Ruipérez-Valiente, sun fitar da bincike a mujallar Science kan darussan intanet da manyan jami'o'in Amurka biyu, MIT da Harvard, ke bayarwa. Sun gano wajen rabin masu rajista ba sa ma buɗe darasin, kuma a zangon karatu na 2017 zuwa 2018 kimanin mutum 3 cikin 100 ne suka kai ƙarshe. To, in masu kuɗi da furofesoshi haka ta same su, ina ga yaron da ke naɗar bidiyo a bayan shagon ubansa?

Shi ya sa yau nake so mu tattauna kan wani tsarin aiki da masu haɗa manhajar kwamfuta ke kira ajayil. Kalmar na nufin zafin nama da saurin juyawa. Ni a bakina sunansa "yi kaɗan, nuna, gyara". In ka bi ni a hankali za ka ga ba baƙonmu ba ne.

Tsohuwar hanya da inda take cije mu

Hanyar da aka daɗe ana bi wajen shirya horo tana da hawa biyar, ana kiranta ADDIE. An tsara ta a Jami'ar Jihar Fulorida a 1975 domin horar da sojojin Amurka. Za ka fara da binciken abin da ake buƙata, ka zana tsarin darasin gaba ɗaya, ka haɗa kayansa, ka koyar, sannan a ƙarshe ka auna ko ya yi amfani. Yadda aka fi yin ta, sai hawa ɗaya ya kammala ake taka na gaba. Ga soja ta yi daidai, don yadda ake kwance bindiga a bara haka ake kwance ta a baɗi.

Mu kuwa fa? Ɗauki wanda ya zauna a nan Gana ya shirya darasin yadda ɗan kasuwa zai riƙa karɓa da tura kuɗi ta waya. A farkon 2022 babu harajin gwamnati a kan turawar. Ranar 1 ga Mayun shekarar aka fara cire kashi 1.5 cikin 100. A Janairun 2023 aka mayar da shi kashi 1. A Afrilun 2025 aka soke shi ɗungurungum. Cikin shekara uku lissafi ya canja sau uku. 'Yan uwanmu na Kamaru su ma a Janairun 2022 aka sa musu kashi 0.2 cikin 100 a kan tura kuɗi da cirewa ta waya.

Ko kuma mai koyar da hanyar kai kaya Najeriya. A Agustan 2019 aka rufe iyakokin ƙasa, ba a buɗe Seme da Illela da Maigatari ba sai Disambar 2020. A Yunin 2023 aka saki naira ta nemo wa kanta daraja, dalar da gwamnati ke bayarwa a kan naira 460 da 'yan kai ta haura 1,500 kafin shekara ta zagayo. A Janairun 2025 Nijar da Mali da Burkina Faso suka kammala ficewa daga ECOWAS. Wanda ya kulle kansa a ɗaki wata takwas yana shirya cikakken darasi, ranar da zai fito da shi rabin abin da ya faɗa ya riga ya zama tarihi.

Amma tsufan labari ma ƙaramar matsala ce. Babbar ita ce a tsohuwar hanya sai a ƙarshe ɗalibi ke ganin kaya. In akwai kuskure tun a tushe, to an maimaita shi sau 30 kafin wani ya ce uffan. Wane ɗan kasuwa ne zai je Gwanzu ya cika kwantena da takalmin da ko ƙafa ɗaya bai taɓa gwadawa a kasuwar Kejetiya ba? Ai dozin biyu kake fara kawowa, ka baza a tebur, ka ga launin da ake ɗauka da lambar da ke kwantai. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Daga ina tsarin ya fito

Saiwar abin tana Japan. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu kamfanin Toyota ba shi da kuɗin tara kaya a sito. Wani injiniyansu, Taiichi Ohno, ya ɗauki dabara daga manyan kantunan Amurka, inda ba a ƙara kaya a kanta sai an ga gurbin wanda aka saya. Ya sa aka riƙa amfani da ɗan kati mai suna kamban: sai katin ya zo daga wanda ke buƙata sannan a ƙera. Ba a yin abu don kawai ana iya yi.

A 1986 wasu malamai biyu 'yan Japan, Hirotaka Takeuchi da Ikujiro Nonaka, suka yi rubutu kan yadda kamfanoni irin su Honda da Canon ke fitar da sabon kaya da sauri. Suka ce masu jinkiri suna aiki kamar tseren miƙa sanda, wannan ya gama ya miƙa wa wancan. Masu sauri kuwa kamar 'yan wasan ragbi suke, gaba ɗaya suke tafiya suna miƙa wa juna ƙwallo. Daga wasan nan Ken Schwaber da Jeff Sutherland suka samo sunan tsarinsu, sikiram, wanda suka gabatar a 1995.

Sai a Fabrairun 2001 mutum 17 masu haɗa manhaja suka taru a Snowbird, wani wurin shaƙatawa a jihar Yuta ta Amurka, suka fitar da gajeriyar sanarwa mai ginshiƙi huɗu. A taƙaice: mutane da maganar da ke tsakaninsu sun fi kayan aiki da ƙa'idoji, abin da ke aiki a hannu ya fi tulin takardu, tafiya tare da mai sayen kaya ta fi jayayya kan yarjejeniya, juyawa idan hali ya juya ya fi nacewa kan tsarin da aka zana. Sun kuma ce na biyun ma suna da amfani, na farkon ne dai suka fi nauyi. Masu shirya horo sun ari wannan tunani. A 2012 Michael Allen ya fitar da littafi kan tsarin da ya kira SAM, wanda ke cewa a yi gwajin darasi da wuri ko da bai yi kyan gani ba, a nuna, a gyara, a sake nunawa.

Tafiya zango-zango

Masu sikiram suna yanka aiki gunduwa-gunduwa, kowace gunduwa da wa'adinta, ba ta wuce wata ɗaya, yawanci ma mako biyu ake yi. Ni zango nake kiranta. Kakanninmu fatake da ke tasowa daga Kano zuwa Gwanja saro goro, watanni suke yi a hanya, amma ba wanda ke cewa yau sai Salaga. Daga wannan zango ne zuwa wancan. In an sauka a duba jakuna, a ji labarin hanyar gaba, madugu ya yanke ta inda za a bi. Inda za a je bai canja ba, hanyar ce ake sake dubawa kullum.

Bari in kawo misali da abin da na gani kusa da ni. Wani ɗan ƙanwata da abokansa sun shirya wa mata masu sana'a da yaran shago darasin riƙe littafin ciniki da na bashi, suka ce, "Kawu, kai za ka riƙa duba mana ko abin da muke faɗa haka yake a kasuwa." Ga yadda aikin ke tafiya, kuma duk mai son yi zai iya kwaikwaya.

Da farko a rubuta manufa a jimla ɗaya. Tasu ita ce: mai sana'a ta iya faɗin ribarta ta mako ba tare da ta yi kame-kame ba. Duk abin da bai kai ga nan ba, ba na wannan darasin ba ne, komai kyansa.

Na biyu, a jera duk abin da ake son koyarwa, mafi muhimmanci a sama. Raba uwar kuɗi da riba, raba kuɗin cefane da na sana'a, rubuta bashi, lissafin kayan da suka lalace, kuɗin mota da na dako, da sauransu. Jerin nan ba a kulle shi, kullum ana iya ƙarawa ko a sauke wani ƙasa. Amma mutum ɗaya ne ke da ikon cewa wannan ne a gaba. Shi ne madugu. In kowa madugu ne, ayari a daji zai kwana.

Na uku, a yi 'yan kaɗan. Masu sikiram sun ce kada a wuce mutum 10. A irin namu uku ko huɗu sun isa: mai ilimin abin, mai naɗa da gyaran murya ko bidiyo, mai kula da ɗalibai, sai madugu. In ɗaliban mata ne, to mai kula da su ta zama mace, don akwai tambayar da uwargida ba za ta yi wa ɗan wani ba.

Na huɗu, a ɗauki abu ɗaya ko biyu daga saman jerin, a ce nan da mako biyu za su isa wayar ɗalibi a kammale. Darasi ɗaya cikakke, ba rabin darasi biyar ba. Taura biyu ba ta taunuwa.

Na biyar, allo. A raba shi gida uku: wanda za a yi, wanda ake yi, wanda aka gama. Kowane aiki a ɗan katinsa da sunan mai yi. Akwai manhajoji irin su Trello masu yin haka kyauta, amma bayan kwalin taliya da 'yan takardu ma sun wadatar, a ɗauki hotonsa a tura wa sauran. Amfanin allon shi ne ba mai ɓuya. In kati ya kwana biyar a gidan tsakiya, kowa ya gani.

Na shida, gajeren taro kullum, kada ya wuce minti 15. A tsaye ma akan yi shi don kada hira ta yi daɗi. Tunda mu a warwatse muke, wani na Kumasi wani na Aflawo, saƙon murya na minti ɗaya bayan an tashi kasuwa ya isa: ga abin da na yi, ga wanda zan yi gobe, ga abin da ya tare ni.

A ƙarshen zango kuma zama biyu ne. Na farko baje-koli: a tura darasin ga mutum kamar 10 daga cikin ainihin waɗanda aka yi domin su, a ga yadda za su yi da shi. Na biyu zaman waiwaye, na masu aikin kaɗai: me ya tafi daidai, me ya ba mu wahala, wane abu ɗaya za mu canja a zango mai zuwa.

Abin da ɗalibi kaɗai zai nuna maka

Zangon farko na yaran nan ya fito da abubuwan da ko shekara suka yi a ɗaki ba za su hango ba.

Sun yi bidiyo mai kyau na kusan minti 20. Yawancin matan ba su sauke shi ba, saboda data da kuma waya da ta cika da hotunan biki. Aka mayar da shi saƙon murya gajeru da hoton shafin littafi guda ɗaya, sai ga shi ana saurare ana tuya. Wannan ma ba mu kaɗai ba ne. Binciken da Philip Guo da abokan aikinsa suka yi a 2014 kan miliyoyin kallon bidiyon darasi ya nuna da wuya mai kallo ya wuce minti 6, komai tsawon bidiyon.

Sai maganar ƙidaya. Tun 2007 Gana ta yanke sifili huɗu daga sidi, amma har gobe akwai tsofaffinmu da in sun ce miliyan ɗaya, sidi 100 suke nufi. Wata kuma da ta taso a ƙasar sefa da dala take lissafi, dala ɗaya sefa 5 ce, in ta ce dala ɗari sefa 500 take nufi, jika kuma 1,000. Malam ya ce "ɗari biyar" a cikin murya, mutum uku suka rubuta lamba uku daban. Da an riga an naɗi darasi 30 a haka fa? Da yake ɗaya ne, rana guda aka gyara: duk kuɗin da aka faɗa da baki, a nuna shi a rubuce, a kuma faɗi sunan kuɗin.

Akwai kuma wani abu da Turawan da suka tsara ajayil ba su yi lissafi da shi ba, wato kunya da kara irin tamu. Ka tambayi 'yar uwa, "Hajiya, ya kika ga darasin?" Amsar ɗaya ce: "Kai, ya yi kyau sosai, Allah ya ƙara basira." Ko ba ta buɗe ba haka za ta ce, ba kuma ƙarya take nufi ba, mutunci take kiyayewa. Don haka kada ka dogara da abin da aka ce, dubi abin da aka yi. Kowane darasi ya ƙare da ɗan aiki: rubuta cinikin yau ki turo hoton shafin. Hoton nan ba ya kara. In mutum bakwai cikin goma sun sa kuɗin cefane a gidan riba, darasin ne bai fita ba, a koma a gyara shi. In kuma za ka yi tambaya, ka ce, "A ina kika tsaya?" ko "Wane wuri kika sake saurare?" Wannan tana da amsa ba tare da an ci fuskar kowa ba.

Haka zaman waiwaye. Yaro ba zai dubi idon babba ya ce, "Baba, bayaninka ya yi tsawo." Dabarar ita ce babban ya fara buɗe ƙofa, ya tambaya da bakinsa inda za a rage, ko kowa ya tura wa madugu nasa a keɓe, shi kuma ya karanto ba tare da suna ba. In zaman waiwaye ya koma zaman yabon juna, to a sha shayi kawai a tashi.

Kuɗi da amana

Nan ne inda abin ya fi shafarmu. Karɓar kuɗin darasi 30 alhali ko ɗaya ba a naɗa ba, cinikin biri a sama ne. Tafiya zango-zango tana ba da mafita mai tsabta. Ɗaliban farko a gaya musu gaskiya: ku ne 'yan gwaji, abin bai gama nuna ba, don haka kyauta ne ko rabin kuɗi, ladanmu shi ne ku nuna mana inda ya karkace. Bayan nan a riƙa sayarwa kashi-kashi. Wanda ya ga amfanin kashin farko zai biya na biyu da kansa. Wanda bai gani ba ya tsaya, asararsa kaɗan ce, kuma gobe za ku gaisa a kasuwa ba tare da kowa ya kau da kai ba.

Ƙungiya ma haka. Maimakon a damƙa wa yara kuɗin aikin shekara a zauna jiran tsammani, a ba su na zango biyu, a ce ranar kaza za mu zauna ku kunna mana abin da kuka yi, mu ji daga bakin waɗanda suka gwada. Wannan ya kare kuɗin jama'a, ya kuma kare yaran daga zargi. Sau da yawa ba cin kuɗi ke kashe irin wannan aiki ba, rashin abin nunawa ne ke haifar da tsegumi, tsegumi kuma ya kashe zuciya.

Sai dai a kula da masu bayar da kuɗi. Ana tsakiyar zango Alhaji zai bugo waya: "Ku ƙara da yadda ake buɗe asusun banki, ku sa da maganar biza." Ƙa'ida ita ce abin da zai rusa aikin zangon da ake ciki ba ya shiga sai an sauka. Amsar ladabi tana nan: "To Alhaji, mun ji, mun rubuta a jeri, za a duba a zama mai zuwa." Ba a ƙi maganarsa ba, ba a kuma sauke kayan jaki a tsakiyar hanya ba.

Inda ba a wasa

Kada wani ya karanta wannan ya ce Kawu ya ba mu lasisin fitar da aikin ha'inci da sunan za a gyara daga baya. Ƙaramin abu daban, gurɓataccen abu daban. Dozin biyun da ka kawo gwaji, ai takalma ne masu kyau, ba yagaggu ba.

Shi ya sa tun ranar farko ake yarda da ma'aunin kammalawa. Misali, darasi bai gamu ba sai wanda ya san harkar ya saurara ya tabbatar, sai ya buɗe a ƙaramar waya mai araha, sai yana da aiki ɗaya da ɗalibi zai yi, sai an faɗi watan da shekarar da aka naɗe shi. Katin da bai cika waɗannan ba, ba ya shiga gidan "an gama", ko da wa'adi ya cika.

Akwai kuma ilimin da ba a gwada shi a jikin ɗalibi. Dokar kwastan, takardun zama a ƙasar mutane, awon soda mai ƙuna a haɗin sabulu, man da za a shafa a fata. Kuskure a nan kwace kaya ne, ko ɗauri, ko ƙuna. Irin wannan sai an tabbatar daga wurin masu abin kafin ya fita. Abin da ake gwadawa shi ne yadda za a bayyana shi, ba gaskiyarsa ba.

Wata dabara da ke rage wahala ita ce a raba abin da ba ya canjawa da mai canjawa. Yadda ake fitar da riba daga ciniki, haka yake tun zamanin wuri. Kuɗin haraji, canjin dala, kuɗin jirgi, waɗannan a ware su a ɗan gajeren saƙo na daban mai kwanan wata. Ranar da gwamnati ta juya, minti biyu za ka sake naɗa, sauran darasin na nan daram.

Sannan a san ranar tsayawa. Gyara ba ya ƙarewa, wani in ka bar shi sai ya shekara yana goge darasi na ɗaya. In mafi yawan ɗalibai suna yin aikin daidai, a wuce gaba. Kuma masu aikin mutane ne masu shago da iyali. Su kansu masu sanarwar 2001 sun ce a yi tafiyar da za a iya ɗorewa a kanta. Lokacin cinikin salla ko na ƙarshen shekara, a ɗaga zango, ba wanda zai mutu.

Ga iyaye da masu biya

Da yawanmu ba za mu shirya darasi ba, amma mu ne za a zo wa da "Baba, a biya mini", ko uwargida ta ce ta ga wani aji tana so. Kafin ka tura kuɗi, yi tambaya huɗu. A ba ni darasi ɗaya in gani tukuna? Yaushe aka naɗe shi, yaushe aka yi masa gyaran ƙarshe? Wa ke duba aikin ɗalibi ya ba shi amsa? Ana iya biya kashi-kashi? Mai kaya na gaskiya ba ya jin haushin a buɗe buhu. Wanda ya hau faɗa ko ya ce "yau kaɗai ne rangwame", ka riƙe kuɗinka.

Ku kuma 'ya'yana masu niyyar koyarwa, kada ku jira sai kun sayi kyamara. Wayar hannunku ta isa. Zaɓi abu ɗaya da ka tabbata ka iya, naɗi minti biyar, tura wa mutum goma da suke buƙatarsa da gaske, ba abokanka masu yi maka tafi ba. Ba su ɗan aiki, ka jira mako guda ka ga abin da zai dawo. Abin da ya dawo ɗin nan shi zai gaya maka darasi na biyu, ko ma ya gaya maka ba wannan hajar ake nema ba, tun kuɗin kowa bai shiga ba.

Wanda ya gwada, ya aiko mana da yadda ta kaya, ko ta yi daɗi ko ba ta yi ba, sauran 'yan uwa su ƙaru. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba. A gaida iyali, a yi ciniki lafiya.